Biradikinesiya: kasala ce, sanyin jiki ne, ko nawar motsi?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum. Masu taimaka wa likitoci a binciken cutar Fakinsan (cutar ƙwaƙwalwa mai taɓa motsin jiki), ga kalmar da ta ƙi zama a Hausa. Karkarwa tana da sunanta, sanƙarewar gaɓoɓi ma haka. Amma biradikinesiya, wato raguwar sauri da faɗin motsi, wadda sharuɗɗan gane cutar na 2015 suka ce dole sai da ita, kowa da abin da yake faɗa wa majiyyaci: wani kasala, wani sanyin jiki, wani nauyin jiki. Takardar neman amincewar majiyyaci kafin ya shiga bincike kuwa kalma ɗaya take so. Me za mu tsayar?

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam, Malam. Kasala dai a cire ta tun yanzu. Mai zazzaɓin cizon sauro da mai ƙarancin jini duk za su ce suna da ita. Kuma MDS-UPDRS, ma'aunin da ake auna tsananin alamomin Fakinsan da shi, ya ba gajiya lambarta, 1.13, rashin himma kuma 1.5. In muka kira wannan ma kasala, abu uku sun cuɗe a amsa ɗaya. Sanyin jiki ya fi muni, domin wani zai ɗauka karayar zuciya ake nufi, wani kuma ya fara ba ki labarin ciwon sanyi.

Likitan jijiyoyi: Gaskiyarki, Malama. A duba abin da ake aunawa tukuna. A gwaji na 3.4 na ma'aunin, majiyyaci yana buga manuniya a kan babban yatsa sau 10, da sauri, yana buɗe yatsun iyakar iyawarsa, kowane hannu daban. Ana lura da sauri, da faɗin buɗewa, da tsaitsayawa, da yadda faɗin yake raguwa. In raguwar ta zo dab da ƙarshe, maki 1. In ta fara a tsakiya, ko ya tsaitsaya sau 3 zuwa 5, maki 2. In tun bayan bugun farko ne, maki 3. Wanda ya kasa, ko da ƙyar yake yi, 4. Kun ga rashin sauri kaɗai bai isa ba. Dattijo mai ciwon gaɓoɓi zai yi a hankali amma faɗin ba ya canjawa. Na Fakinsan motsinsa ƙanƙancewa yake yi yana cikin yi, shi ya sa rubutunsa ke farawa manya ya ƙare ƙanana. Ƙarfinsa kuma yana nan, don haka kada kowa ya kawo shanyewa.

Malamin Hausa: Dakta, to Hausa tana da nawa, kamar yadda ake cewa yaron nan nawa gare shi. A rubuce za ta yi kama da nawa ta tambayar kuɗi, amma "nawar motsi" ba ta da ruɗani. Jinkiri ban so shi a nan ba, ya fi dacewa da wanda ya kasa fara takawa. A bar masa wannan gurbin.

Likitan jijiyoyi: Nawar motsi ta ɗauki rabi, ranka ya daɗe. Ina ƙanƙancewar?

Malamin Hausa: A takarda a rubuta "nawar motsi mai ƙanƙancewa" karon farko, daga nan a taƙaita.

Mai ɗaukar bayanai: Na yarda, amma Yaya mai buɗe zance, kada a furta wa majiyyaci ita lokacin gwaji. Umarni kawai: "Baba, buɗe yatsun sosai, da sauri, har sau goma." In aka ce "da sauri" kaɗai, zai yi ƙananan bugu tun farko, raguwar ta ɓuya. A nuna masa sannan a sauke hannu, domin in kana yi yana yi, bin ka zai yi, makin ya fito da kyau fiye da gaskiya. A rubuta ƙarfe nawa ya sha lebodofa, maganin Fakinsan, na ƙarshe, don makin mutum ɗaya yana bambanta kafin magani da bayansa. In binciken yana son a auna ba magani a jiki, yawanci awa 12 ake bari, kuma likita ne ke ba da wannan umarni.

Mai buɗe zance: To an tsaya a nawar motsi, a takardar amincewa da bayanin da ake yi wa iyali. Shi ma'aunin ba a sake masa lafazi sai da izinin ƙungiyar da ta mallake shi, a fassara, wani daban ya mayar Turanci, a gwada a kan majiyyata. Saura diskinesiya, motsin da maganin kansa ke jawowa bayan shekaru. Wa ke da kalma?