Gara da danshi sun tasa littattafan mahaifina a gaba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Sana'ata renon itatuwa ce, ina sayar da dashen mangwaro, gwaiba, zogale da darbejiya. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mini littattafai na aikin lambu da sanin tsirrai, kuma a cikinsu na koyi auren mangwaro, wato haɗa reshen wani iri a jikin wani dashe. Gefen shafukan cike yake da rubutun hannunsa: watan da ya shuka kaza, irin da ya ƙi tsirowa.

A ɗakin ajiyar leda da taki nake ajiye su, cikin kwali. Markar watan Agusta ta sa bango ya jiƙe, ban lura ba sai da na ɗaga kwalin na tarar gara ta gina hanya a ƙarƙashinsa. Uku ta cinye musu baya, sauran sun yi fumfuna, shafukan sun manne.

Na shanya biyu a rana, takardun suka kanannaɗe, tawadar ta dusashe. Na mayar da sauran cikin akwatin ƙarfe da kafur, amma warin danshi bai tafi ba.

Don Allah, yaya ake raba shafukan da suka manne ba tare da sun yage ba? Rubutun Baba nake tsoron rasawa.