Na biya hayar shago, sai ga maganar tazarar mita 200

Assalamu alaikum 'yan uwa masu harhaɗa magunguna, ina neman shawararku.

Ina da lasisina na aiki, kuma na kama shago a unguwarmu a Kano don buɗe famasi. Har na biya hayar shekara biyu, na sa silin da na'urar sanyaya ɗaki, faɗinsa ma ya haura murabba'in mita 30 da hukumar PCN mai kula da harkar famasi a Najeriya ke nema. Sai daga baya na lura akwai wani famasi mai rajista a bayan layinmu, ga shi ƙa'idar PCN ta ce tazarar da ke tsakanin famasi da famasi kada ta gaza mita 200. Idan aka bi titi, tsakaninmu ya fi mita 200, amma ta lungu bai kai ba.

To ta ina masu duba wuri suke aunawa, ta titi ko a miƙe? Kuma kemis mai lasisin ƙananan magunguna da ke kusa da ni, shi ma yana cikin lissafin?

Laifina ne da ban nemi amincewar PCN kan wurin ba kafin na zuba kuɗi, ga mai gida ya ce ba ya mayarwa. Unguwar nan kuwa tana buƙata, masu hawan jini da ciwon suga har cikin gari suke shiga neman magani. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan, in shigar da takarduna haka, ko in fara rubuta wa ofishin PCN na jiha?