Tuntuɓen farko a Legas: kowa ya faɗi nasa

Ɗan Gwari, Mile 12:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena zai sauko daga Kura bayan Sallah, yana so ya kama harkar gwari tare da ni. Na san halin yaro, idan ni na faɗa masa zai ce yaya ya cika tsoro. Shi ya sa nake so kowa ya ba da labarin inda ya fara tuntuɓe a garin nan, in tara in nuna masa. Bari in fara da kaina.

Lodina na farko kwando 40 na tumatir ne daga Kadawa, ƙarshen noman rani, rana na dukan ƙasa. Na bi gona ina zaɓar wanda ya nuna jawur, a tunanina shi ne zai ɗauki idon mai saye. Wani dattijo ya ce mini, "Yaro, wannan na kasuwar Kano ne, ba na Kurmi ba." Na yi murmushi kawai. Tafiyar kilomita kusan 1,000 ce, mota ta lalace mana bayan Jebba, muka kwana uku a hanya. Da aka sauke a kasuwar Mile 12, kwandunan ƙasa ruwa suke zubarwa. Matan Yarbawa suka kewaye ni suna cewa "esha", sunan da suke kiran fasasshen tumatir ke nan, suka yi masa kuɗin da ko na mota bai kai ba. Tun daga nan wanda ya fara sauya launi nake ɗauka, ya ƙarasa nuna a hanya, kuma ban ƙara zuba jarina duka a mota ɗaya ba.

Tsohon Ɗan Acaɓa:
Wa alaikumus salam. Nawa taurin kai ne zalla. Lokacin da gwamnatin Sanwo-Olu ta hana acaɓa a Fabrairun 2020, mun ɗan lafa, daga baya kowa ya koma kan hanya. Da aka sake sanar da cewa daga 1 ga Yuni 2022 ba babur a Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa, Lagos Island da Mainland, sai na ce irin ta da ce. Babur ɗin ma na biya kaɗan-kaɗan ne, saura wata huɗu in gama. Sati na biyu aka kama shi, ban sake ganinsa ba, ga mai babur yana jiran kuɗinsa. Dako na yi wata takwas na biya. Yanzu gyaran waya nake, sana'ar da na daɗe ina rainawa.

Maman Yara, Agege:
Allah sarki. Ni kunya ce ta cinye mini jari. Da na fara tuwo da miyar kuka, duk wanda ya ce ɗan garinmu ne sai in zuba masa, "Hajiya a rubuta", alhali ba inda nake rubutawa. Wata uku tukunya ta tsaya. Maƙwabciyata Bayarabiya mai amala ce ta zaunar da ni, ta saya mini littafi, ta ce wanda bai biya na jiya ba kar ya ci na yau. Wasu sun yi fushi sun daina gaishe ni. Sun dawo, don miyar kuka ba ko'ina ake samun mai daɗi ba.

Baƙon Idi-Araba:
Nawa abin dariya ne. Na hau danfo, bas ɗin haya na Legas, ban san sai ka ce "o wa" ake tsaya maka ba. Ina kallon tashata ta wuce, ina cewa "Malam, Malam", sai a Oshodi na sauka. Ga shi dubu ɗaya na ba kwandasta, ya haɗa ni da wani mutum a canji ɗaya ya yi gaba.

Alhaji, Alaba Rago:
'Ya'yana, labaran sun yi daɗi, amma akwai abin da ban ji an taɓo ba. Ni ma na riƙe raguna 12 har jajibirin Babbar Sallah ina jiran kuɗi su ƙara hawa, sai motoci suka shigo cikin dare, kasuwa ta faɗi warwas. Na koyi darasi, gaskiya ne. Amma rabin ragunan na mutanen ƙauyenmu ne, har da na wata bazawara da ta yi wata bakwai tana kiwo. Ni na ƙaru da wayo, ita ta rasa kuɗinta, sai da na yi shekara biyu kafin na cika mata. Don haka Ɗan Gwari, idan za ka bar yaron ya gwada, ya gwada da abin da zai iya ɗauka in ya zube, kar ya karɓi amanar kowa a shekarar farko.

Ɗan Gwari, Mile 12:
Na gode Baba, wannan ta shige ni. Dama mahaifiyarmu ta ce za ta sayar da akuyoyinta ta ƙara masa jari, yanzu zan kira ta in ce ta dakata. Kwando biyar zan ware masa cikin lodina, shi zai zaɓa a gona, shi zai yi ciniki, ni ba zan sa baki ba. Masu albasa fa, ba mu ji daga gare ku ba.