Majefa biyar zuwa Indiya: a amsa da baiti

Malam Habu, Jidda

Assalamu alaikum jama'a. Tun da aka yi gwanjon 'yan wasan IPL, gasar kurket ta Indiya, a nan Jidda a watan Nuwamba 2024, hirar kurket ta ƙi ƙarewa a majalisa. Ga tambaya, kuma ba a amsa ta sai da baiti. Ƙungiya irin ta Ingila za ta je Indiya wasan kwana biyar, guraben majefa biyar ne. Masu gudu (masu jifa da sauri) nawa, masu murza (masu juya ƙwallo da yatsa ko wuyan hannu) nawa? In na ce tsiri, ina nufin yadi 22 ɗin nan na tsakiyar fili. Wikit shi ne fitar da mai bugu, turke sandunan da mai bugu ke karewa, igiya kuwa iyakar fili.

Da sunan Allah nake buɗe magana,
Ya ba ni basira in bi hanya.

Mutum 11 kyaftin ke rubutawa,
Biyar na jifa, shida bugu da kariya.

Oba 90 ake nema a yini,
Kowace oba jifa shida, ba ƙarya.

Wikit 20 sai sun faɗi kafin nasara,
In sun gaza, canjaras, ba ka ci ko ɗaya.

Ni dai uku na ba masu murza,
Masu gudu biyu sun ishe ni tafiya.

Tsirin can ba ya riƙon ciyawa,
Kwana na uku ya bushe kamar ƙorya.

Ƙwallon SG ta Indiya ɗinkinta a tsaye yake,
Yatsa na kama shi, babu zamiya.

Ku tuna 2012 a Ahmadabad,
Ingila ta ajiye mai murza Panesar, ta sha wuya.

Da aka haɗa shi da Swann a Mumbai,
19 cikin 20 suka kwashe gaba ɗaya.

Shi 11, Swann 8, ku lissafa,
Ingila ta ci jerin biyu da ɗaya.

Alhaji Isa, na san ka da son masu wuta,
Fito ka kare su, ko ka ja da baya.

Alhaji Isa, Riyad

Malam Habu, na ji kira na amsa,
Hujjarka ta Mumbai ba na musa,
Sai dai ka bar wani suna a ƙasa,
Anderson mai gudu, da ka ƙi ambatawa.

Wikit 12 ya ci a wannan jeri,
Shida a Kolkata, ba na ƙari,
Da tsohuwar ƙwallo yake sihiri,
Lokacin da sheƙinta ke gushewa.

Gefe guda da gumi ake goge shi,
Ɗayan a bar wa ƙasa ta kankare shi,
Jiƙaƙƙen tafi kada ya taɓa shi,
In ya jiƙe, babu sauran lanƙwasawa.

Yawu tun 2020 doka ta hana,
Gumi kaɗai ya rage, ku gane magana,
Daga oba 30 zuwa 40, in akwai rana,
Gefe mai sheƙi take komawa.

Sai dai tana son hannu mai ƙarfi,
Kusan kilomita 140 a awa, a jefa ta da zurfi,
Ta sauka kan yatsun ƙafa kamar dafi,
Mai 125 ba ya iya tsoratarwa.

Kuma ba duk Indiya ce ƙura ba,
Bangalor 2024 da Niyu Zilan ba ka gani ba?
Hadari ya rufe, tsiri bai bushe ba,
A maki 46 Indiya ta gama zubewa.

Henry biyar, O'Rourke huɗu, Southee ɗaya,
Masu gudu suka raba goman gaba ɗaya,
Mai murzarka na kallo daga baya,
Uku nake so, biyu ba sa isarwa.

Hajiya Binta, Makka

Alhaji, shafi ɗaya ka buɗe ka rufe littafi,
Sauran biyun fa, wa zai karanta?

A Pune Santner ya ci 13,
Ajaz 11 a Mumbai, ka manta?

Uku babu ko ɗaya Niyu Zilan ta tashi,
Wasa biyu a ciki murza ce ta kai ta.

Amma Malam, kai ma ban ƙyale ka ba,
Uku ka ce, iri kuwa ba ka bambanta.

Bahago mai murza da yatsa shi ne na farko,
Ƙwallonsa na kauce wa na-dama ta fita.

In na-dama sun yi yawa a jerin bugu,
Ba shi gefe guda, kada ka bari ya huta.

Na biyu na-dama mai yatsa, don bahagon bugu,
Irin su Pant da Jaiswal, ya kau musu da ita.

Mai wuyan hannu kayan marmari ne,
Yana juya ta sosai, yana kuma ɓarnata.

Oba guda ya jefa biyar masu kyau,
Ta shida gajera, a kai ta igiya a huta.

Warne da ya ci wikit 708 a duniya,
A Indiya maki 43 kowane wikit ya ƙwata.

Kada a lilo ta sama a hankali,
Mai bugun can da ƙafa yake tarar ta.

Kusan 90 a awa, a nufi turke,
Wuri ɗaya za ka yi ta saukar da ita.

Ɗaya ta juya, ɗaya ta wuce sak,
Mai wucewa sak ɗin ita ce mugunta.

Ƙafa gaban turke, alƙali ya ɗaga yatsa,
Ko an koma na'ura, ja uku ne a fuskarta.

Nura, Dammam

Baba Malam, Baba Alhaji, ga yaro,
Ya shigo da ladabi cikin taro,
Hajiya ta riga ta yi mana horo,
Ni lissafi kaɗai zan ƙaro,
Don jifa ba baki ba ne, aikin jiki.

Mai gudu oba biyar yake a jere,
A zafin can numfashi ya ƙare,
Sau uku a yini in an tsare,
15 ke nan kafin dare,
Biyu su ba ka 30, riƙe a ciki.

Saura 60 na kan masu murza,
Su uku, 20 kowa, babu mai gaza,
Su biyu, 30 kowa, yatsa ya gurza,
Fatar manuniya ta tsage maza-maza,
Gobe ba ya iya matsa ɗinki.

Mai gudu na uku in ƙura ta tashi,
Kyaftin da wuya ya waiwaye shi,
Oba bakwai a yini ya ba shi,
Can bakin igiya ya manta da shi,
Gurbi guda ya tafi babu aiki.

Amma biyun ma akwai haɗari,
In ɗaya ya riƙe baya da wuri,
Wanda ya canje shi, doka ta yi tsari,
Tsaron fili kaɗai, babu ƙari,
In ba bugun kai ba, an rufe baki.

Ku dubi mai gudu Bumrah a Ostireliya,
32 ya ci a jeri ɗaya,
A Sidni 2025 ya kama baya,
Zagayen ƙarshe babu shi a hanya,
An yi wa doki lodin jaki.

A oba 80 ake ba da sabuwa,
Mai gudu na buƙatar hutawa,
Tun ta 65 a daina kirawa,
In an ƙone shi kafin isowa,
Sabuwa ta tafi a banza, sai tsaki.

Alhaji Isa, Riyad

Ɗana Nura, lissafinka ya zauna,
Na sauko daga uku, amma da magana,
Cikin biyun nan bahago nake ƙauna,
Don sawun da yake bari in yana wucewa.

Yana sauka da takalmi mai ƙusa,
Oba bayan oba yana kartar ƙasa,
Gaban na-dama, can gefen sandarsa,
Mai murza ya samu wurin saukewa.

Starc ya daɗe yana yi wa Lyon huɗa,
Kwana na huɗu ramin ya faɗaɗa,
Ƙwallo ta faɗa ta yi tsalle ta murɗa,
(Amma fa nasu mai murzan ma yana morewa.)

Na biyar kuwa sanda ma ya iya ɗauka,
Lamba bakwai, maki 30 ya ajiye maka,
In majefa biyar ba mai bugu a cikinsu duka,
Wikit biyar na faɗi, saura na bin layin ficewa.

Malam Habu, Jidda

Alhaji ya sauko, alhamdu lillahi,
Saura abin da ake dubawa da safiya.

Kafin a jefa kwabo ake miƙa sunaye,
Bayan nan sai da yardar abokin karawa a sauya.

Kyaftin da koci kaɗai ke taka tsirin,
Ba ƙusa, ba gwada ƙwallo, sai duba da tambaya.

Jar ƙasa irin ta Wankhede a Mumbai,
Tana ba da tsalle, tana saurin juya.

Nan dogon mai murza ke cin kasuwarsa,
Ta taɓa safar hannu, na kusa ya cafe lafiya.

Baƙar ƙasa irin ta Kanpur ba ta tashi,
Ƙwallo ƙasa-ƙasa take, kamar mai jin kunya.

Nan a nufi turke, a jera masu tsaro gaba,
Mai jiran a cafe a baya ya zama abin dariya.

In ka ga kore kada ka yi saurin murna,
Wata yankakkiya ce aka danne tun jiya.

Duba ko tana da saiwa a ƙasa,
In babu, rana ɗaya iska ta yi mata tsintsiya.

Maƙwabtanmu 'yan Pakistan na shagon shayi,
Su ba ku labarin Multan, sun san gaskiya.

Wasan farko Ingila ta tara 823,
Na biyu aka maimaita tsirin, ba a sake shirya.

Daga nan zuwa Rawalpindi, Noman da Sajid,
39 cikin 40 suka kai ajiya.

Shi ya sa ko biyu za ka saka a fili,
Masu murza huɗu ka zo da su cikin kaya.

Alhaji Isa, Riyad

Na yarda, amma ban da garin sanyi,
Dharamsala, inda duwatsu suka yi layi,
Wikit na 700 Anderson can ya yi,
A can na ukuna ba mai hana shi shigowa.

Hajiya Binta, Makka

Alhaji, wasan Maris 2024 kake nufi?
Zagayen farko fa, koma ka duba ta.

Kuldeep biyar, Ashwin huɗu, Jadeja ɗaya,
Ingila a 218, murza ce ta kwashe ta.

Nura, Dammam

Hajiya, a gafarce ni, ina da tambaya,
Kuldeep ɗin da ya ci biyar a tashi ɗaya,
Da wuyan hannu yake murzawa, ko na yi ƙarya?
Ɗazu kin ce marmari ne, a bar shi baya,
Yanzu ga shi kin ɗauke shi aiki.

Hajiya Binta, Makka

Ɗana, Kuldeep a Kanpur ya girma,
Ƙasar da yake murzawa ya san halinta.

Ni baƙo nake zaɓa wa majefa,
Kawo min baƙo mai wuyan hannu da ya ci ta.