Abin da masu hoto suka ce kan ɗauka a cikin ɗaki

Na tattara shawarwarin da ƴan uwa masu ɗaukar hoton suna da biki a unguwannin Nima da Mamobi na Accra suka bayar kan matsalar nan ta hoto ɗaya ya fito da haske, na gaba kuma ya yi duhu alhali ɗaki ɗaya ne.

Kusan kowa ya ce a fara kashe ISO na otomatik (ISO shi ne ƙarfin yadda kyamara ke jin haske), don ko ka sa kyamara a M, wato inda kai ke saita ta da hannu, in ISO na canza kansa to aikin banza ka yi. Inda aka fi daɗewa shi ne maganar shata, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga. Wutar lantarkin Gana 50Hz ce, saboda haka a bar shata a 1/50 ko 1/100 na daƙiƙa, in ka haura sosai ƙarƙashin fitilar fulorasan ko LED mai araha sai ka ga haske na rawa, wani lokacin har layi-layi a hoton, balle in dumso ya zo, wato an ɗauke wuta, an tada janareta.

Wani dattijo ya tuna mana cewa lens ɗin da ke zuwa da kyamara, 18-55mm, buɗinsa da haske ke shiga na raguwa daga f/3.5 zuwa f/5.6 in ka jawo hoto kusa, to ka tsaya a f/5.6 tun farko. Ni dai wannan ta fi burge ni. Launin haske ma a kulle shi a kyamara, kamar a lamba 3200K ga kwan fitila mai ja-ja.

Filasha kuwa, in amarya ta ninka nisanta da kai hasken da ke kanta ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Kuma kada a yarda da allon kyamara, a riƙa duba histogiram, wato zanen da kyamara ke nunawa na yawan haske da duhu a hoto.