Guguwa na tahowa, a gudu ko a zauna? Waɗanda suka taɓa gani ku faɗa mana

Maman Ilham (Houston):
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka daɗe a nan. Wannan ce daminata ta farko a Texas, tun jiya labarai ba abin da ake nunawa sai guguwar da ta shigo tekun Gulf, wai nan da ƴan kwanaki za a san inda za ta sauka. Maigidan direban tirela ne yana can hanya, ni da yara biyu da surukata muke gida, kuma gidan namu hawa na ƙasa ne, ita Hajiya ga ciwon suga allurar insulin ɗinta a firji take. Maƙociyata ta ce in kwashe su mu tafi Dallas, wani abokin maigidan ya ce kar mu kuskura mu hau hanya. Wlh kaina ya ɗaure. Wanda ya taɓa guduwa ko ya zauna ya ba ni labari.

Baba Alhaji na Alief:
Wa alaikumus salam ƴata. Kwantar da hankalinki tukunna. Ni na gudu sau ɗaya a garin nan, lokacin guguwar Rita, Satumbar 2005, kuma abin da na gani a hanya shi ya sa har gobe ba na ce wa mutum ya gudu haka kawai. Ki tuna lokacin ko wata ɗaya ba a yi ba da Katrina ta cinye New Orleans, mutanen can mun gansu da idonmu zube a filin wasa na Astrodome, sai ga Rita ta kai mataki na 5, wato mafi ƙarfi, a cikin teku ana cewa Houston ta nufo. To kowa ya fita, wanda ke bakin ruwa da wanda ke tudu, miliyoyin mutane a lokaci guda. Muka hau I-45 za mu Dallas, tafiyar da ba ta wuce awa huɗu ba a ranar Allah, muka wuni muka kwana muka sake wuni ba mu kai rabi ba. Zafi kamar me, ka kashe AC don kar mai ya ƙare, ka kashe motar ma gaba ɗaya ku tura ta da hannu in layi ya motsa taku goma. Gidajen mai duk sun ƙafe. Mata suna kama zani suna kare juna a gefen titi don yin uzuri, wani dattijo Bature a motar da ke kusa da mu iyalinsa suna ta yi masa fifita da kwali har aka sauko da shi aka shimfiɗe a inuwar tirela. Wata bas ɗauke da tsofaffi ta kama wuta kusa da Dallas mutum 23 suka rasu. Waɗanda suka mutu wajen gudun nan sun haura 100, ita kuma guguwar ta karkata ta sauka can iyakar Texas da Louisiana, mun dawo gida mun tarar da reshen bishiya ɗaya a tsakar gida.

Amma fa kar a ce Baba ya ce ba a gudu. A 2008 Ike mataki na 2 ce kawai, ta share Bolivar kusa da Galveston, gidaje sai ginshiƙai, kuma ruwan teku ya fara cin hanya tun kwana guda kafin ta sauka, waɗanda suka ce sai gobe da safe ba su sami hanyar fita ba. Don haka abin da za ki fara dubawa shi ne zif kod ɗinku, wato lambar unguwarku da ke cikin adireshi, akwai taswirar kwashe mutane da ta raba yankunan bakin teku, Coastal, A, B, C. In kina ciki aka kira yankinku, tashi. In ba kya ciki, ki bar wa na Galveston hanya.

Ɗan Fagge:
Baba Allah ya ƙara girma, amma ni taswirar nan ba ta cece ni ba a guguwar Harvey. Mu muna yamma wajen rafin Buffalo Bayou, nesa da teku, ba ma cikin kowane yanki. Guguwar ma can Rockport ta sauka ranar 25 ga Agustan 2017, magajin garin Houston na lokacin Sylvester Turner bai ce a tashi ba kuma dalilinsa shi ne wannan Rita ɗin da kika ji, ni ban ga laifinsa ba. Sai dai abin ya zo ya tsaya cak a kanmu yana zuba, wani wuri wajen Nederland an auna inci 60. Daren Asabar muka tsallake lafiya har muna hamdala, sai da aka fara sakin ruwan madatsun Addicks da Barker sannan namu ya zo, ba ruwan sama ba komai a lokacin, ina zaune a falo na ga kafet yana canza launi daga bakin ƙofa. Kafin in gama ɗora akwatuna kan teburi ya kai ƙauri. Ruwa ne baƙi mai warin masai, ga jajayen cinnaku sun dunƙule suna yawo a sama, in suka taɓa ka sai sun haye jikinka. Wasu samari daga Louisiana da ƙaramin jirgin kamun kifinsu su suka fitar da mu. A masallaci muka sauka, don masallatai da dama sun buɗe wa kowa musulmi da wanda ba musulmi ba, a nan Babbar Sallah ta same mu ranar Juma'a 1 ga Satumba, na yi idi da wandon wani da silifas.

Abu biyu ƙanwata. Ki tambayi tsofaffin maƙota ko manajan gidajen ko ruwa ya shiga hawa na ƙasa a Harvey, wannan amsar ta fi duk wata taswira. Sannan in ruwa ya ritsa ku kar a hau cikin silin, kan rufi ake hawa, an sha gargaɗi a kai don mutum yakan maƙale a ciki ba ƙofar fita. Inshorar gida ta yau da kullum kuma ba ta biyan ambaliya, ta ambaliya daban ake saye kuma sai ta yi kwana 30 take fara aiki, wanda bai saya ba ya bari sai an wuce wannan.

Sarkin Yawo:
Ni dai duk wannan tsoron ban gane masa ba. Mu da muka taso ana ɗauke wuta sati guda ba wanda ya mutu? Ka sayi shinkafa da gas da ruwa ka rufe ƙofarka. Ajali in ya zo ko a Dallas zai same ka.

Anti Nas:
Sarkin Yawo kai kaɗai ne a ɗakinka, ita tsohuwa gare ta mai suga. Kuma gidajen gida da na nan ba ɗaya ba ne, can kana da tsakar gida ka shimfiɗa tabarma, nan katako ne da kafet an gina shi don AC, in wuta ta tafi a watan Yuli ɗakin ba ya zaunuwa. Beryl ta 2024 mataki na 1 ce, kowa ya raina ta, ta sauka wajen Matagorda ranar 8 ga Yuli ta bar sama da gidaje da shaguna miliyan 2 ba wuta, wasu fiye da sati. Ina aiki a asibiti lokacin, abin da aka riƙa kawo mana tsofaffi ne da zafi ya galabaitar da kuma iyalai da hayaƙin janareto ya bugar, an kunna shi a gareji ko a baranda jikin taga saboda tsoron ɓarayi, shi kuma hayaƙin nan mai kisa ba ya wari, bacci kawai mutum zai ji. Nesa da gida ake ajiye shi, ƙafa 20 aƙalla. Maman Ilham ki karɓo wa Hajiya maganinta yau ɗin nan kar ki jira, ki sa robobin ruwa a firiza su daskare ki tanadi kula, amma kar allurar ta taɓa ƙanƙara kai tsaye don in ta daskare ta lalace. Masu wankin ƙoda da masu na'urar numfashi kam ni kullum cewa nake su tashi da wuri ko ina suke. Ki kira 211 ma, Texas na da rajistar masu buƙatar taimako a irin wannan lokaci.

Hajiya Mai Lalle (Florida):
Bari in sa baki duk da ba jiharku nake ba. Wannan zanen hanyar guguwa da ake nunawa mai kama da mazurari, ku daina kallon layin tsakiyarsa. Lokacin Ian a 2022 kwana da kwanaki ana cewa Tampa, Tampa, mu a Cape Coral har muna kiran ƴan uwa na can muna cewa su zo wajenmu. Ranar Talata aka ce yankinmu ya tashi, ranar Laraba 28 ga Satumba ta sauka a kanmu mataki na 4. Maigidan ya so ya tsaya saboda ya riga ya rufe tagogi da ƙarfe ya ce gidan bulo ne, na ce masa Alhaji bulo yana tare iska, ruwa fa? Ba mu yi nisa ba, wajen wata ƙawata muka je can cikin gari inda yake tudu, mota ba ta yi awa ɗaya ba. Mutane suna zaton gudu sai ka bar jiha, a'a, ka fita daga inda teku zai kai kawai. Da muka dawo layin laka a bango ya kai ƙirjina, firji yana kwance a ƙofar kicin, kifi matacce a cikin gareji. A Fort Myers Beach ruwan ya kai kusan ƙafa 15, gadar Sanibel ta karye, kuma da yawan waɗanda suka rasu tsofaffi ne da ruwa ya ci a gidajensu. Maƙocinmu da ya zauna a kan kantar kicin ya kwana da karensa a hannu, yana raye amma ya sayar da gidan ya koma wajen ɗansa. Shi lambar matakin nan iska kawai take aunawa, ba ta gaya maka komai game da ruwa.

Na Maraɗi:
Hajiya gaskiya kinka faɗi, amma ku riƙa tuna talaka. Gudu kuɗi ne. Mu nan Tampa a 2024 Helene ta wuce ta turo muna ruwa ƙarshen Satumba, ba a gama kwashe katifu da kujerun da mutane sunka zubar bakin titi ba sai ga Milton cikin sati biyu. Wanda ya biya otal a ta farko da mi za ya biya ta biyu? Ga mai babu a gidajen mai, ga wurin aiki in ba ka zo ba ba a biyanka, ni ina aikin dare a wani sito har ranar da anka ce a tashi manaja yana tambaya wa za ya zo. Ni makaranta na tafi, cikin waɗanda gwamnati ta buɗe kyauta. Ba daɗi, fitila ba a kashewa, yara na kuka, ka zo da bargonka da matashinka, abincin ma sai ka duba abin da za ka iya ci, ni da garin rogo da ƙuli da dabino na je. Amma gini ne mai ƙarfi kuma ba ka biya ko sisi. Wanda ke gidan tirela, irin wanda ake ja da mota, kam ba ya da zaɓi, ko mataki na 1 ne ya fita. Milton ɗin ma daga ƙarshe kudu da mu ta sauka wajen Sarasota, ta yage rufin filin wasan Tropicana, kuma iska mai juyawa ta kashe mutane can gabashin jihar inda ba wanda ya zaci komi.

Zango Boy (Bronx):
Mu nan ko sunan guguwa ba a ba ta ba lokacin da ta iso, ragowar Ida ce a 2021 bayan ta gama da Louisiana. Ruwan sama sama da inci 3 cikin awa ɗaya, mutum 11 suka rasu a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, yawanci a Queens. Ƴan uwa masu haya a besmen, in waya ta yi ƙarar gargaɗin ambaliya ku hau sama wajen mai gida ko kuna faɗa da shi.

Sarkin Yawo:
To na ji. Amma batun gosulo fa Baba ya faɗa da bakinsa.

Baba Alhaji na Alief:
Na faɗa, kuma shi ya sa mai tafiya yake tafiya kafin kowa. Ana ba da sanarwar sa ido ne awa 48 kafin iska ta fara, gargaɗi na ƙarshe awa 36, in ka jira na ƙarshen kai da gari za ku fita tare. Ƴata ni a nawa ganin, ke ba teku ne matsalarki ba, hawa na ƙasa ne da firjin Hajiya. In maƙota sun ce miki ruwa ya taɓa shiga, ko ki samu mai bene a cikin gari ko ki tafi tun hanya na sake. In bai taɓa shiga ba kuma kina da inda za ki kai tsohuwa idan wuta ta daɗe, zama ba laifi, galan ɗaya na ruwa kowane mutum kowace rana, ki cika bahon wanka don bayi, ki ciro tsabar kuɗi don na'urar kati ba ta aiki in ba wuta. Motar dai a cika ta yau ko za a tafi ko ba za a tafi ba.

Maman Sadik (Dallas):
Maman Ilham na turo miki saƙo ta ciki. Muna da ɗaki ɗaya da falo, Hajiya ta ɗauki ɗakin ke da yara ku yi falo, ba wani abu. In kin yanke za ki taho ki taso bayan asuba kar ki bari sai yamma, ki haɗa fasfo da takardun zama da katin rigakafin yara a leda mai zif, ki ɗauki hoton kowane ɗaki da waya kafin ki rufe, abin da ke ƙasa ki ɗora kan gado. Ki kwashe naman firiza ki taho da shi a kula mu dafa a nan, kar ki bar shi. Akwai wata baiwar Allah ma a Pasadena da ba ta tuƙi, ita da jaririnta, in akwai wuri a motarki ki gaya min in haɗa ku.