Sifirin ɗaya kawai ya cire motata daga ajinta, wai haka dokar take?

Ɗan_Fagge_a_Texas:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu harkar tseren mota a nan Amurka ku taimaka min da bayani. Na sayi Mazda Miata ƙirar 2001 a hannun wani, kuma kafin ya sayar min ya riga ya canja sifirin ya sa gajeru don motar ta zauna ƙasa, ya cire akwatin iska na kamfani ya sa wani buɗaɗɗe. Inji dai ba a taɓa shi ba, shi ne 1.8 ɗin nan mai ƙarfin doki wajen 140. Ranar Lahadi na je irin tseren nan da suke kira autocross, wanda ake jera robobi masu ruwan lemo a babban fili kowa ya shiga shi kaɗai ana auna masa lokaci, in ka buge roba ɗaya a ƙara maka sakan 2. Na yi rajista a ajin E Street saboda na ga nan ake sa irin motata, sai wani dattijo da ke duba motoci ya leƙa ƙasa ya ce a'a, da wannan sifirin ɗin sai dai Street Touring. To wlh waɗanda na tarar a can motocinsu sun sha kuɗi, tayoyi masu faɗi, kujerun tsere, kwamfutar inji an taɓa, sun bar ni a baya da nisa. Tambayata, haka dokar take ko dai mutumin ya tsananta ne? Kuma me ya fi, in mayar da kayan kamfani ko in ci gaba da gyara tunda an riga an fara?

Baba_Topeka:
Wa alaikumus salam ƙanina. Dattijon nan bai tsananta ba, gaskiya ya gaya maka. Yawancin kulob-kulob na autocross littafin SCCA suke bi, ƙungiyar tseren mota ta Amurka da aka kafa tun 1944, kuma ƙa'idar littafin guda ɗaya ce da in ka riƙe ta ka huta: duk abin da ba a rubuta cewa an halatta ba, to haramun ne a wannan ajin. Ba a tambayar ko abin ya ƙara maka gudu ko bai ƙara ba, ba a tambayar ko kai ka sa ko haka ka saya.

A Street abin da aka yarda kaɗan ne. Taya kowace iri muddin lambar jurewar da ke jikinta ta kai 200 ko ta wuce, shokabzoba za ka iya canjawa amma kar madaidaitanta su wuce biyu, sitabilaiza, wato ƙarfen da ke rage karkacewar mota a kwana, ɗaya tak, ko na gaba ko na baya ba duka ba, takalmin birki, salansa daga bayan katalis, wato abin tace hayaƙin nan da ake ce wa indomi, zuwa ƙarshe, da ita kanta matatar iskar amma a cikin akwatinta na asali. Rim kuma faɗinsa ya zama daidai da na kamfani, tsayi ne aka ba ka inci 1 sama ko ƙasa. Sifirin kam ba a taɓawa. Ka ga kai abu biyu ne ma suka fitar da kai, sifirin da akwatin iska, ba ɗaya ba.

Dalilin kuwa ba mugunta ba ce, in aka ce yau a bar maka sifirin tunda naka na arha ne, gobe wani zai zo da na dala dubu biyu ya ce ai shi ma sifirin ne, shi ke nan ajin talaka ya mutu. Ajin an yi shi ne don mai motar zuwa aiki ya iya fafatawa ba tare da ya sayar da gona ba. Daga nan matakala ce, Street Touring, Street Prepared, Street Modified, Prepared, har Modified inda motar ma ta daina kama da mota, kowane mataki kuɗi yake ci fiye da na ƙasa da shi.

Shawarata ka nemi sifirin da akwatin iska na asali, masu Miata da yawa sun cire nasu sun jibge a gareji za ka samu da arha, sauran kuɗin ka zuba a taya mai kyau. Miata ta wannan zamanin a E Street mota ce da ake cin kofi da ita har a gasar ƙasa da ake yi a Lincoln ta jihar Nebraska duk watan Satumba, kar ka yar da wannan damar saboda ƙarfe huɗu.

Injiniya_Sabo:
Baba ya faɗi doka daidai amma ni ban yarda da shawarar ba, a yi min afuwa. Mutumin da ya je sau ɗaya me ya haɗa shi da aji? Malam ko an mayar da kai E Street gobe, waɗanda suka shekara goma a filin za su ba ka ratar sakan biyar ko shida, ba sifirin ba ne, hannu ne da ido. Ka shiga rukunin sababbi in kulob ɗinku yana da shi, ka roƙi wani gwani ya zauna gefenka, ka taka filin da ƙafa da safe kafin a fara. Kuma akwai lissafin da suke kira PAX, kowane aji da lambar da ake ninka lokacinka da ita don a gwada motoci daban-daban, to nan ne kawai ajin zai ɗan cuce ka tunda lambar Street Touring ta fi tsauri. Ka yi shekara ɗaya a haka tukuna sannan ka san inda za ka sa kuɗi.

Ni tsarin haruffan nan ma bai cika burge ni ba. Akwai wata ƙungiyar, NASA, ba ta masu zuwa sararin samaniya ba fa, ta tseren mota, a manyan ajujuwanta na gwajin lokaci nauyin mota har da direba ake rabawa da ƙarfin dokin da na'ura ta auna, sai a ɗan ƙara ko a rage saboda taya da fiffike. Ka gyara yadda ka ga dama, sikeli ne zai yi magana.

Usta_Kofar_Ruwa:
Hahaha Allah sarki, ina karantawa ina dariya. Wato da za a kawo littafin nan Kano babu motar da za ta tsaya a ajin farko, don rabin tokunbo kafin ta baro Kwatano an sace indomin da ke cikin salansa, sifirin na wata mota ne, inji kuma an sauke an ɗora wani sau biyu. Oga Baba tambaya nake, wanda ya ɗora injin wata motar shi ina ake kai shi?

Baba_Topeka:
Usta wannan ai ya tsallake benaye da yawa lokaci guda, canjin inji Street Modified ne ko sama, ko sabon rukunin nan Xtreme Street da aka buɗe wa masu gyaran ganin dama. Cire indomin ma kaɗai ya isa ya fitar da mutum daga Street. Amma irinku akwai tseren da ya dace da ku, 24 Hours of Lemons, an fara shi 2006, dokarsa kar motar ta wuce dala 500, ban da kayan kare rai kamar kejin ƙarfe da birki da taya. In alƙalai suka ga ka wuce, duk dala 10 zagaye ɗaya za a cire maka.

Injiniya kuma maganarka ta hannu gaskiya ce, sai dai ka manta sifirin arha a kan tsohuwar shokabzoba motar tsalle take yi, zai koyi mugun hali ne. Tsarin sikelin ma ai kuɗi yake ci, sai ka biya an ɗora motar a na'ura kafin ka san ajinka.

Ɗan_Fagge_a_Texas:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na kira wanda ya sayar min, akwatin iskan yana wajensa zai ba ni kyauta, sifirin ne ya ce ya zubar. Zan gama wannan kakar a rukunin sababbi yadda Injiniya ya ce, in na samu sifirin in mayar kafin ta gaba. Baba tayar da ke kai yanzu 340 aka rubuta a jikinta, in bari ta ƙare ko in canja tun yanzu?